Sunan Cuta a Bakin Mai Ƙidaya: Misali daga Arewa

Idan aka ɗora wa mutanen ƙauye aikin tattara bayanan kiwon lafiya, akan ɗauka cewa littafi da alƙalami sun wadatar. A ganinmu matsalar farko ta harshe ce: da wane suna za a ƙidaya cutar?

Ƴan sa-kai na ƙauyuka sun taka muhimmiyar rawa a yaƙi da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. A nan suna da cuta sun dace. Tsutsa ce ke fitowa daga fata, duk wanda ya gan ta kurkunu zai ce.

Sanƙarau, wanda annobarsa ta 2015 ta shafi gundumar Dogondutsi, lamarinsa daban ne. Kalmar tana nuni ga sanƙarewar wuya, alhali sau da yawa wuyan jariri mai cutar ba ya sanƙarewa. Zafin jiki da fizge-fizge uwa ke gani, kuma a Arewa, inda bori ke da tushe, ana iya danganta su ga iskoki. Ke nan mai ƙidaya a Matankari ko Tibiri da aka ce ya nemo «sanƙarau» zai iya wuce wannan gida.

Saboda haka muna ba mai tsara binciken shawarar raba takardar tambaya gida biyu: kalmar iyali yadda suka furta ta (ko da «zahi» suka ce, kada a mayar da shi «zafi»), sannan alamomin da aka gani. Rubuta «méningite» aikin ma'aikacin asibiti ne.