Neman Sawun Kaka a Tsofaffin Takardu

A Farin Gada da ke Jos kowa ya san gidanmu da Gidan Mai Jakai, alhali tun da na yi wayo ban taɓa ganin jaki ɗaure a ƙofarmu ba. Ban damu da sanin dalili ba sai ranar da ɗana ya dawo daga makaranta da fom, ya ce, "Baba, an ce in rubuta sunan dangi. Wanne ne namu?" Na rasa ta cewa.

Bahaushe dai ba ya gadon suna ɗaya har tattaɓa-kunne. Sunan yanka, sai na uba, sai laƙabi ko gari, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari. Kafin jika ya girma, suna ya sauya. Mai neman asali dole ya bi sarƙa: wane ɗan wane, daga ina ya zo, mece ce sana'arsa.

Wurin gwaggo na fara. "Ɗan nan, jawo min adakar can," in ji ta. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa muka tarar da rasitan haraji da takardar cinikin gida da ajami, ga sunayen shaidu, ga na mai unguwa. Rasitan sun so su ruɗa ni, don akawu yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa. Mamman ya koma Momo ko Momodu, Garba ya zama Garuba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka Mamman da Momo da Momodu mutum uku ne, nan kuwa mutum ɗaya ne. Takardar ajamin ce ta fi gaskiya, domin malamin da ya rubuta ta ya san mai sayen, har ya kira shi "mai jakai, Bakatsine".

Daga nan na nufi Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin lardunan Arewa suke. Abin lura a nan shi ne sai a 1926 aka kafa Lardin Filato. Kafin nan Jos tana ƙarƙashin Bauchi, don haka abin da ya girmi wannan shekara a can za a fara duba shi. Kada kuma mutum ya sa rai da yawa. Rahoton Bature yana ƙirga kawunan masu biyan haraji, ya ambaci sarakuna da masu unguwa, amma talaka ba ya samun shiga sai in shari'a ko rigimar fili ta kai shi gaban alƙali. Wannan ya yi min ciwo: mutanen da suka gina gari da guminsu, an mayar da su lamba.

Sunan kakana bai fito ba, amma na mai unguwar nan ya fito, da shi na kintaci zamanin da aka sayi gidan. Sauran gwaggo ta cike: bayan jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, Kaka ya riƙa ɗaukar hatsi a kan jakai daga tasha zuwa barikin masu haƙar kuza a Naraguta da Bukuru.

Mai karatu, in akwai adaka a gidanku, buɗe ta a makon nan, ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka kafin gara da sanyin damina su cinye ta. Ka zaunar da tsohuwar gidan ta faɗa maka wane ne wane tun tana da rai.