Hannun Direba da Iskar Hunturu: Kira ga Masana Halayyar Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota tsakanin Kano da Zariya ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ya san hannu ba ya hutawa a kan sitiyari. Iska ta bugo ta gefe, hannu ya gyara. Tirela ta wuce ta girgiza motar, hannu ya sake gyarawa. Mai kallo zai rantse iska ce ke juya hannun direba. Alhali gilashi a rufe yake, direba bai ji iskar ba, bai kuma auna ƙarfinta ba. Idonsa na kan titi, burinsa ya ga motarsa a tsakiyar layinta, kuma duk abin da ya nemi kautar da ita, hannunsa zai ture shi.

A kan wannan ƙaramin lamari William T. Powers, wani injiniya Ba'amurke da ya rayu daga 1926 zuwa 2013, ya gina nazarinsa. Ya fara bayyana shi a 1960 tare da abokan aikinsa biyu, Clark da McFarland, sannan ya cike shi a littafinsa na 1973 mai suna Behavior: The Control of Perception. Ya ce mai rai yana aiki ne domin ya riƙe abin da yake gani ko yake ji daidai da ma'aunin da ke cikin ransa. Motsin jiki hanya ce kawai, tana sauyawa gwargwadon cikas.

Wannan ya saɓa wa abin da aka daɗe ana koyarwa. Tun daga karnukan Pavlov, da sanarwar John Watson ta 1913, har zuwa ɓerayen Skinner da tattabarunsa, karatun shi ne: abu ya taɓa mutum, mutum ya mai da martani. Da ma William James ya lura tun 1890 cewa alamar mai hankali ita ce neman buri ɗaya ta hanyoyi mabambanta, John Dewey kuma ya soki batun taɓi da martani a 1896. Abin da suka rasa shi ne lissafi. Injiniyoyi ne suka samo shi, bayan Harold Black ya gano a 1927 yadda na'ura za ta riƙa duba sakamakon aikinta tana gyara kanta. Haka firiji ke riƙe sanyinsa ko da zafin bazara.

Akwai gwajin da Powers yake so, kuma na sha yin sa da ɗalibai. Ka samu robar ɗaure kuɗi guda biyu, ka ƙulla su. Ka ɗiga tawada a takarda. Ka sa yatsa a roba ɗaya, ɗalibi ya sa a ɗayar, ka raɗa masa ya tsayar da ƙullin a kan ɗigon. Sai ka riƙa ja: ka yi gabas, hannunsa ya yi yamma, ka sassauta, ya sassauta. Tambayi 'yan kallo me yake yi. Kusan kullum za su ce yana kwaikwayonka ne a juye, ko kai ke jan ragamarsa. Da wuya wani ya dubi ƙullin, domin shi kaɗai ne bai motsa ba. Nan gizo ke saƙa. Mai binciken da ya auna hannunka da hannun ɗalibin zai samu dangantaka mai ƙarfi, ya buga takarda, bai kuwa gano komai game da ɗalibin ba. Halin roba ya auna. Idan kuma kai ma ka nace ƙullin ya zauna a wani ɗigo dabam, kowa zai ta ja har robar ta tsinke. Iyaye da malamai masu dogaro da bulala su yi tunani a nan.

Me ya hana masana karɓa? Powers baƙo ne a fagensu, kimiyyar fiziks ya karanta. Babban dalili kuwa, a ganina, shi ne kayan aikinsu: an horar da su su sauya abu ɗaya, su auna martanin mutum ɗari, su fitar da matsakaici. Matsakaici ba ya nuna abin da mutum guda yake karewa.

Powers bai nemi a gaskata shi ido rufe ba. Ya ba da hanyar gwaji: ka yi zaton abin da mutum yake riƙewa, ka ture shi a hankali, ka duba. In ya gusa yadda ya kamata ya gusa, zatonka kuskure ne. In ya ƙi gusawa saboda mutumin ya tare, ka kama bakin zaren. Richard Marken da wasu sun maimaita irin wannan a kwamfuta, inda mutum ke bin alama a allo, kuma lissafin ya hasko motsin hannun kowane mutum kusan daidai wa daida.

Don haka nake roƙon malaman sashen nazarin halayyar ɗan Adam a jami'o'inmu: kafin ku ajiye wannan nazari gefe, ku shiga aji da roba biyu da takarda, ku gwada da ɗalibanku, sannan ku yanke hukunci.