Kalmomin Bambanci a Ingilishi: Gargaɗi ga Masu Odar Kaya

Masana lugga sun daɗe da lura cewa da wuya kalmomi biyu su zama ɗaya ta kowace fuska. Abu Hilal al-Askari, malamin ƙarni na 4 na Hijira, ya wallafa littafin Al-Furuƙ domin fayyace wannan a Larabci. Mutanen Ingila ma suna da irinsa, wanda George Crabb ya fitar a 1816. To, a cikin Ingilishi akwai kalmomi biyar da ke jawo wa attajirai hasara, domin akawu yakan fassara su duka da "dabam".

Ta farko different, wato abin da ya saɓa wa wani sananne. Wanda ya aika da samfurin atamfa ya rubuta "a different colour", ya nemi launin da ba na samfurin ba, ko wane iri ne.

Ta biyu distinct, bambancin da ido ke gani sarai ba tare da ruɗu ba. Shuɗi biyu makusanta suna iya zama different alhali ba su kai distinct ba, mai saye ya ɗauke su abu guda.

Ta uku various, wato iri-iri. Tana nuna yawan nau'i, amma ba ta ƙayyade adadinsu ba.

Ta huɗu assorted, kayan da aka gauraya da gangan, kuma ita ce mafi hatsari. Wanda ya rubuta "assorted colours" ya miƙa zaɓi ga mai sayarwa. Idan dila ta iso cike da launin da kasuwa ba ta so, ba shi da hujjar mayarwa, domin abin da ya rubuta aka ba shi.

Ta biyar separate, rabuwar wuri ko da siffa ɗaya ce. Turmi biyu masu zane guda ana iya ɗaure su separate, kowanne a dilarsa.

Saboda haka kafin attajiri ya sa hannu a takardar oda, wajibi ne ya tambayi akawu wace kalma ya zaɓa, kuma don me. Mafi aminci ya ambaci launi da adadi ƙarara: ja turmi 20, shuɗi turmi 30. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Haza wassalam.