Wuƙa mai bakin bindiga da takobin kakanni

A shekarar 1837, wani mutumin Amurka mai suna George Elgin ya ƙago wani makami mai ban mamaki. Ƙaramar bindiga ce, an haɗa mata faffaɗar wuƙa ƙarƙashin baki. Harbi ɗaya take yi. In babu lokacin ɗura wani albarushi, sai a koma sara. A 1838 sojan ruwa na Amurka suka sa aka ƙera musu guda 150, don wata tafiyar bincike cikin teku. Makamin bai karɓu ba, aka bar ƙera shi.

Yau masu tara kayan da suna biyan kuɗi masu yawa kafin su samu guda. Ba don kaifi ba ne. Kaɗan ne suka saura, kuma an san maƙerin, an san shekara, an san inda suka je.

Ƙasar Kurfai da Tondikandiya ma tana da nata tsoffin makamai. Kafin Faransawa su zauna Filinge, an sha gwabzawa tsakanin mutanen wannan yanki da Abzinawan Imanan. Daga Damana zuwa Bonkuku, akwai gidajen da suka gaji takobi, ko mashi, ko kwari da baka, ko wuƙar damtse, ko bindiga adaka. Wasu na rataye cikin ɗaki, wasu na cikin rumbu, tsatsa da gara suna ci.

Abin da ya rage musu shi ne labari a rubuce. Dillalin kayan da, in ya zo, yakan ce tsohon ƙarfe ne, ya ba da kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Ran da takobin ya bar gida, sunan mai shi ya ɓace ke nan.

Nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. Wanda ya iya rubutu shi zauna da tsoffin gida tun suna da rai, shi rubuta: na wane ne, wane maƙeri ya ƙera, wane yaƙi ya gani. A ajiye takardar tare da makamin.

Kada a goge ƙarfen da yashi ko dutse, don zanen maƙeri na tafiya tare da tsatsar. Ɗan mai da tsumma sun isa. Kube ko ya tsufa, kada a yar. Tsohuwar adaka kuwa, kada a gwada harba ta, kada a bar yara su taɓa. Tana iya kasancewa da albarushi ciki tun zamanin kaka, kuma bakin da tsatsa ta ci yakan fashe a hannu.

Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1997. Mai son shawara kafin shi rabu da gadonsa yana iya zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ake kiransa yanzu da sunan Bubu Hama.