Asuwaki da Lafiyar Zuciya

Duk wanda ya kwana a Zugu, ko Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, in ya fito da sassafe zai tarad da magidanta zaune a ƙofar gida, kowa da ɗan itace a baki yana goge haƙora. Wannan ɗan itace shi ne asuwaki. Waɗansu su kan karyo shi daga reshen dogon yaro, watau darbejiya, waɗansu kuwa daga marke. Alhazai kuma su kan kawo tsarabar wani iri daga Makka, na saiwar itacen da Larabawa ke kira arak. Asuwaki sunna ne. Ba shi da tsada, amma aikinsa babba ne, gama lafiyar baki tana da dangantaka da lafiyar zuciya.

Ƙaramin yaro yana da haƙora 20. In ya kai wajen shekara 6 sai ya fara famfara, sababbi su fito, har su cika 32 bayan ya girma. Waɗannan na biyu su ne na ƙarshe. Wanda ya faɗi a cikinsu, wani ba ya tsirowa a gurbinsa.

Kowane lokaci mutum ya ci abinci, wata dauɗa mai yauƙi ta kan manne wa haƙoransa. A cikinta akwai ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Abincinsu sukari ne. In sun ci, sai su fid da wani ruwa mai tsami wanda ke cin haƙori kaɗan kaɗan har ya yi kogo. In dauɗar ta daɗe kuma, dasashi ya kan kumbura, ya riƙa zub da jini, baki ya yi wari, daga baya haƙora su soma girgiɗi.

Asuwaki yana yaƙi da wannan dauɗa ta hanya biyu. Ta fari, bakinsa da aka tauna ya yi laushi yana share ta kamar yadda tsintsiya ke share tsakar gida. Ta biyu, ruwan itacen yana da magani. Masana sun tatsi saiwar arak, sun sami wani sinadari mai ɗan yaji a ciki wanda ke kashe ƙwayoyin cutar baki. A shekarar 2003 aka ba da labarin wani gwaji da aka yi a Makka da mutum 15. Kowannensu ya yi mako 3 yana asuwaki, ya kuma yi mako 3 yana amfani da buroshi. Da likitoci suka duba, sai suka ga asuwaki bai gaza buroshi ba wajen kawad da dauɗa, har ma ya ɗan fi shi, muddin an koya wa mutum yadda a ke yinsa daidai.

To, ina ruwan zuciya da baki? Hanyar da ta haɗa su ita ce jini. In dasashi ya yi miki, ƙwayoyin cuta su kan sami ƙofa su shiga jini, jini kuwa ba inda ba ya zuwa. Ga mutumin da zuciyarsa ta ke da rauni tun dā, su kan iya maƙalewa a cikinta su jawo ciwo mai tsanani. A shekarar 1989 likitoci a ƙasar Finlan suka duba bakunan mutanen da ciwon zuciya ya kayar, suka ga haƙoransu sun fi na sauran mutane lalacewa. A shekarar 2012 kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana cewa lalle ciwon dasashi da ciwon zuciya su kan tafi tare, amma ba a tabbatar ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba, domin shan taba da ciwon sukari su kan kawo su duka biyu. Ko ta yaya dai, mai tsabtace bakinsa bai yi hasara ba.

Ita zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ta kan buga wajen sau 70 a minti guda, watau kusan sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jini ta cikin jijiyoyi. A cikin jinin akwai wani irin maiƙo mai kama da kakin zuma, sunansa kwalestarol. Hanta ce ke yin mafi yawansa, jiki kuwa yana bukatarsa. Amma in ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a jikin jijiyoyi, hanyar jini ta ƙuntata, kamar yadda laka ke cushe lambatu a fadama har ruwa ya kasa kaiwa ga shuka. In jijiyar zuciya ce ta toshe, mutum ya kan faɗi farat ɗaya. In ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya kan shanye. Yawan cin kitse da kakiɗe da man shanu yana ƙara wannan maiƙo. Hawan jini kuma yana ƙara ɓata jijiyoyin, ga shi sau da yawa ba ya nuna alama sai an auna.

A nan ma tsire-tsire suna da taimako. A cikin gyaɗa da riɗi da sauran 'ya'yan itatuwa masu mai akwai wani sinadari mai kama da kwalestarol, wanda ke tare masa hanya a hanji, ya hana wani kashi nasa shiga jini. Mutanen Finlan sun tatso irinsa daga itatuwan dajinsu, suka zuba a cikin man shafa wa burodi. A shekarar 1995 aka ba da labarin gwajinsa a kan mutum 153. Bayan shekara guda, kwalestarol na waɗanda suka ci man ya ragu da wajen kashi 10 cikin 100. Wake ma yana ɗan rage shi, ga shi kuwa ba ya wuya a ƙasar Zamfara.

Sai kuma yakuwa, wadda Zamfarawa ke kira sure, wadda da ita a ke yin zoɓo. A shekarar 2007 malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suka ba da labarin cewa ruwan zoɓo ya saukar da hawan jinin ɓeraye. A shekarar 2010 kuma masana a birnin Boston na Amurka suka bayyana gwajin da suka yi da mutum 65. Waɗanda suka riƙa shan kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, awon jininsu ya sauka da wajen maki 7. Amma in an cika wa zoɓo sukari, an gyara wuri guda ke nan an ɓata wani, gama sukarin zai ciyad da ƙwayoyin da ke cin haƙora.

Abin lura a nan shi ne, masana ba su yarda da amfanin waɗannan itatuwa ba sai da suka gwada, suka auna, suka ƙirga. Ba kowane jiƙo da a ke talla a kasuwa aka yi wa haka ba. Wani ya kan ɓata ƙoda ko hanta. Ko dogon yaro, da reshensa ke gyara baki, man 'ya'yansa guba ne ga jarirai. Saboda haka wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya ajiye shi ya dogara ga zoɓo kaɗai.

Ɗan makaranta yana da nasa aiki. Ya goge haƙora safe da dare, ciki da waje, a hankali ba da ƙarfi ba. Ya yanke bakin asuwakinsa in ya tsufa, kada kuma ya ara wa kowa. In an sami buroshi da man goge baki mai fuloraid, ya haɗa da su, domin fuloraid yana ƙarfafa haƙori. Ya rage alewa. In kuwa akwai tsoho a gida, ya tuna masa ya je asibiti a auna jininsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa babban mutum ya ke da su?
2. Ta wace hanya biyu asuwaki ke tsabtace baki?
3. Me ke faruwa in kwalestarol ya yi yawa a cikin jini?
4. Don me ba a so a cika wa zoɓo sukari?