Karatun Tsantsar Lissafi Bayan Digiri na Farko

Ɗalibin da ya kammala digiri na farko a lissafi ya saba da abu guda: a ba shi tambaya, ya bi dabarar da aka koya masa, ya fitar da amsa. Idan ya shiga digiri na biyu a tsantsar lissafi, wato lissafin da ake nazarinsa don kansa, tambayar takan sauya. Abin da za a nema a wurinsa shi ne hujjar da ta sa amsa ta zama dole.

Mataki na farko shi ne gane cewa yawan misalai ba hujja ba ne. Ɗauki wata lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ita kanta, sannan ka ƙara 41. Masanin lissafi Leonhard Euler ya lura cewa wannan tsari yana ba da lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Ka gwada 0, 1, 2, har zuwa 39, duk haka za ka samu. Amma da ka sa 40 sai ka sami 1681, wadda 41 sau 41 ce. Gwaji arba'in ya yi daidai, na gaba ya rushe zato. Shi ya sa a wannan fage ba a karɓar magana sai an kafa ta daki-daki, kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi.

Mataki na biyu shi ne gina tushe. Darussan digiri na biyu sukan tsaya kan ginshiƙai uku: aljabara mai zurfi, wadda ke nazarin ƙa'idojin haɗa abubuwa ko da ba lambobi ba ne, analisis, wanda ke tantance ma'anar iyaka da ci gaba ba yankewa, da tofoloji, mai duba siffofin da ba sa canzawa idan aka lanƙwasa abu ko aka ja shi ba tare da an yaga ba. Littattafan waɗannan darussa da biro a hannu ake karanta su. Shafi ɗaya na iya cinye yini, domin sai ɗalibi ya sake gina kowace hujja da kansa.

Mataki na uku shi ne zaɓen malami mai duba aiki. Shi ne ya san tambayar da ba a warware ba tukuna, amma wadda ba ta fi ƙarfin mai farawa ba. Ka karanta abin da ya wallafa kafin ka nemi aiki da shi.

Mataki na huɗu shi ne digirin digirgir. A nan dole kundinka ya ƙunshi sakamakon da babu wanda ya taɓa tabbatar da shi, ka kuma kare shi a gaban masana. Wannan yana buƙatar juriya. Masanin lissafi Andrew Wiles ya shafe kimanin shekara bakwai kan matsalar da wani masanin, Fermat, ya bari tun wajen 1637, aka gano giɓi a hujjar da Wiles ya kawo, bai toshe shi ba sai a 1994.

Wuraren karatun suna nan. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya kuma tana da shirin share fage na shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

Mai wannan niyya ya fara tun yau: ya ɗauki ƙa'ida guda daga darussansa na baya, ya rufe littafi, ya rubuta hujjarta da kansa. Duk inda ya cije, daga nan karatunsa zai soma.