Maraici da Haƙuri: Darasi Daga Rayuwar Nana Asma'u

A al'adar Bahaushe, idan mahaifi ko mahaifiya suka rasu, akan yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Hikimar wannan tsari ita ce kada a bar mai rashi shi kaɗai da baƙin cikinsa. To amma bayan arba'in kowa yakan kama gabansa, a nan ne kuwa ainihin maraici yake somawa.

Tarihin Nana Asma'u ya nuna yadda ake ɗaukar wannan nauyi. Sa'ad da mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rasu a Sakkwato cikin 1817, ba ta cika shekara 25 da haihuwa ba. Wannan babban rashi bai sa ta naɗe hannu ba. Ta kula da littattafan da ya bari, ta mayar da waƙarsa ta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, sa'an nan ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata masu muƙamin jaji suke kai ilmi ga matan karkara. Ta rayu fiye da shekara 40 bayansa tana kan wannan aiki.

Ke nan haƙurin da Hausawa suke kira maganin zaman duniya ba mantuwa ba ne. Maraya mai haƙuri shi ne wanda ya riƙe addu'a ga iyayensa, ya sada zumuncinsu, ya kuma ɗauki sauran kwanakinsa a matsayin amanar da zai cika alherin da suka soma.